Baba ya ce "duk yadda kuka yi", amma ya sa an wanke hularsa ta reluwe

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Fagge. Mu biyar ne a wurin mahaifinmu, ni ce ta uku. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Tun yana saurayi ya fara da goge kan jirgi, ya koma mai zuba kwal, har ya kai direba kafin ya yi ritaya. Yanzu shekarunsa 78. Yana da hawan jini amma yana shan magani, sai gwiwa da take damunsa in an yi sanyi. Autanmu yana aikin jinya a Mancesta ta Ingila, shekara huɗu ke nan. Ya ce ya yi ɗan tari, yana so ya kai Baba can na sati biyu, ya kai shi wani yanki mai tafkuna inda har yau jirgin ƙasa mai kwal yake ɗaukar mutane. Babban yayanmu ya ce atafau ba za a yi ba. Wai almubazzaranci ne, ga ɗakin Umma yana yoyo, kuma in tafiya ake so a mayar da Baba Umra, ko da yake ya yi Hajji, ya kuma yi Umra sau ɗaya. Magana ta yi tsami har Yaya ya fice daga zauren WhatsApp na gida. Da aka tambayi Baba sai ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Amma shekaranjiya da na je gida na tarar ya fito da tsohuwar hularsa ta aiki, ya sa an wanke, tana shanye a igiya. Yaya da Auta kowa ni yake kira. Anti, bayan wa zan bi?

Wata 'yar Fagge

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Tambayarki ta ƙarshe ce kaɗai ba zan amsa yadda kika yi ta ba, domin in kika bi bayan ɗaya kin rasa ɗaya, kuma Baba yana nan zaune ba wanda ya ji ta bakinsa. Na san za ki ce ai an tambaye shi. An tambaye shi a gaban 'ya'yansa biyu da suke sa-in-sa, ɗaya yana ciyar da gida, ɗaya ya zo da kyauta. Wane dattijon Bakano ne zai buɗe baki a nan ya ce "ina so"? In ya ce yana so, ya kunyata babban ɗansa, kuma ya zama tsoho mai kwaɗayin yawo. In ya ce ba ya so, ya watsa wa autansa ƙasa a ido. Sai ya yi kawaici, ya je ya faɗa wa igiyar shanya. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana. Ke hula kika samu, kuma ta ishe ki shaida cewa maganar ta taɓa masa wani wuri.

Sai dai hula ba ta ce "ku kai ni Ingila" ba. Tana iya nufin haka, tana kuma iya nufin hirar ce kawai ta tado masa da ƙuruciya. Aikinki na farko shi ne ki gano wanne ne. Kada ke ki tambaye shi, ke ma 'ya ce, kara zai yi miki. Ki nemi amininsa, musamman in akwai tsohon abokin aikinsa da suke zaman majalisa tare. In babu, ki tura jika mai baki. Abin da kaka ba zai faɗa wa ɗansa ba yakan faɗa wa jikarsa cikin wasa, tana tsokanarsa wai tsoron jirgin sama yake ji, shi kuma yana ce mata shi da ya ja jirgi zuwa Zariya tun uwarta ba ta zo duniya ba. A cikin irin wannan raha za ki ji gaskiya.

Kafin a tambaye shi kuma, a gaya masa ainihin abin da zai tarar, don kada ya amsa a kan mafarki. Na taɓa zuwa wurin da Auta yake nufi, shekarar da na je ganin 'yata tana karatu a can, don haka bari in ba ki hotonsa. Yankin yana arewa maso yammacin Ingila, suna kiransa Lake District, daga Mancesta tafiyar kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Duwatsu ne da kwaruruka da tumaki, da katangun dutse da aka jera ba siminti, da tafkuna dogaye a tsakanin tsaunuka. Tun 1951 aka keɓe shi a matsayin gandun ƙasa, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Babban tafkin shi ne Windermere, wanda ya fi kowane tafkin halitta girma a Ingila, tsawonsa wajen kilomita 17. A ƙarshensa ta kudu akwai wata tasha mai suna Lakeside, daga nan layin dogo ya bi gefen kogi zuwa ƙauyen Haverthwaite. An buɗe layin a 1869, aka daina ɗaukar fasinja a kansa a 1965, masu sha'awa suka farfaɗo da wannan guntun a 1973.

Guntu na ce, kuma da gangan. Tsawon layin duka kamar kilomita 5 ne kacal. Minti ashirin bai cika ba an iso. Mutumin da ya san dogon Kano zuwa Legas, sama da kilomita 1,100, da kwana a hanya da tsallake Neja a Jebba, in aka ce masa za a kai shi hawan jirgi sannan aka sauke shi kafin ya gyara zama, dariya zai yi, ko kuma ransa ya sosu. Taragun ma na masu yawon buɗe ido ne, cike da yara da kakanninsu da masu ɗaukar hoto. Babu buhun gyaɗa, babu masu talla suna miƙo rake da dafaffen ƙwai ta taga.

To me ya rage? Kan jirgin. Shi ne abin da babu shi a nan, kuma shi ne nake jin ya sa aka wanke hula. Wuta ce ta gaske a cikinsa, kwal ne na gaske ake zubawa da shebur, ga tururi yana huci ta ƙasa, ga ƙaurin hayaƙi da mai da yake kama riga. A Haverthwaite akwai rumfar da ake ajiye kawunan jirgi, irin wadda su Baba suke kira loko, kuma ana barin baƙi su shiga su duba. Da yawa daga masu hidimar irin waɗannan layukan dattijai ne 'yan sa-kai. Tun 1951 suka fara wannan al'ada a Birtaniya, da wani ƙaramin layi mai suna Talyllyn a yankin Wales, kuma da hukumar jiragensu ta yi sallama da kwal a 1968 sai abin ya bazu. Mu a nan mun ci gaba da jan kaya da kawunan kwal bayan su sun daina, har cikin shekarun 1970. Kin ga ke nan Baba ya yi wannan aikin don neman abinci a lokacin da su suka mayar da shi abin sha'awa. In ya tsaya gefen kan jirgi ya kalli yadda mai zuba kwal yake watsa shebur, shi ne malami a wurin. Wasu ma daga cikin kawunan da aka kawo Najeriya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna, a wata masana'anta aka ƙera su a Newton-le-Willows, garin da ba shi da nisa da inda Auta yake zaune. Ki tambayi Baba sunan kan jirgin da ya fi so. Na yi imani ba zai yi dogon tunani ba.

Akwai layi na biyu a yankin da Auta zai iya kawowa, na Ravenglass zuwa kwarin Eskdale. Shi ya fi tsawo, kilomita 11, tafiyar kamar minti arba'in, daga bakin teku zuwa gindin tsaunuka, kuma ya fi kyan kallo. An gina shi a 1875 don ɗauko tama. Su ma kawunansa sunayen koguna gare su, akwai wani River Irt da asalinsa tun 1894. Amma faɗin dogonsa inci 15 ne kacal, alhali namu na da ƙafa uku da rabi ne. Taragunsa ƙanana ne, sai an sunkuya an naɗe ƙafa, wasu ma ba rufi. Ga mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar mota zuwa can kuma ƙunci gare ta da kwana-kwana. Ni da zan tsara, na bar shi sai an ga yadda jiki ya karɓi na farko, in za a je kuma a nemi tarago mai rufi da ƙofa.

Abin da ya sa na fi son na Lakeside shi ne jirgin ƙasa yana sauke mutum dab da inda jirgin ruwa yake tsayawa, 'yan taku kaɗan ne. Daga nan a hau a bi tafkin zuwa garin Bowness, kamar minti arba'in, a zaune, akwai rufi, akwai shayi. Wasu jiragen ruwan su ma tsofaffi ne, akwai na 1891 da har yanzu yake aiki. Tsoho zai ga daji da tsibirai da tsauni ba tare da ya taka ko tudu ɗaya ba. Ranar da na je an wuni ana yayyafi, muka yi ta goge gilashi da gefen mayafi, amma ban yi da-na-sani ba.

Yayyafin nan ki riƙe shi a rai. Yankin yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Ingila. Lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, kamar safiyar hunturunmu yake, sai dai shi da danshi, kuma danshi ne abokin gabar gwiwa. Kada a yi gigin kai shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, ga shi jiragen ma ba kullum suke fita ba a lokacin. A Yuni kuma rana takan kai kusan goma na dare ba ta gama faɗuwa ba, asuba ta shigo da wuri ƙwarai, sai barcin tsoho ya rikice tsakanin lisha da asuba. Ya tambayi malaminsa hukuncin kasaru da haɗa salla tun yana gida, domin wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya hukuncinsa daban da mai wucewa. Abinci kuma, a Mancesta babu matsala, halal ko'ina. A ƙauyukan tafki sai dai kifi da dankali da burodi. Auta ya yi guzuri daga gida. Wanda ya saba da tuwo da miyar kuka, kwana uku a kan burodi mai sanyi ya ishe shi ya fara tambayar ranar komawa.

Batun lafiya Auta ya fi ni sani, aikinsa ne. Abin da zan ce kawai: likitan da yake duba Baba a nan shi zai ce a tafi ko a fasa, kuma maganarsa ta fi ta Yaya da ta Auta da tawa. Daga Kano sai an bi ta Abuja ko Legas ko wata ƙasa, sannan a yi sama da awa shida a zaune, ga dogayen barandun filin jirgi. A nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, kuma a lallashe shi ya hau, don na san zai ce shi ba gurgu ba ne. A ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiya, da takardar likita. A yi masa inshorar lafiya wadda aka faɗi hawan jininsa a ciki, domin baƙo in aka kwantar da shi a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa kuɗin magani da ƙarin rabinsa a kai. Kada a sayi tikiti sai biza ta fito, ita kuma kuɗinta ba ya dawowa in an hana. Sannan ba zai tafi shi kaɗai ba.

Wannan ya kawo mu kan Yaya, kuma a nan nake so ki buɗe kunne, don ina jin rigimar gidanku ba ta jirgi ba ce. Shekara nawa Yaya yana ɗauke da cefanen gidan nan? Wa yake sayen maganin hawan jinin kowane wata? Wa ake bugawa waya da tsakar dare in jikin Umma ya motsa? Irin wannan hidimar ba ta da hoto, ba wanda yake sa ta a WhatsApp. Sai ga ƙanin da ya goya ya turo saƙo daga Turai, a gaban kowa, da kyautar da za a yi shekara goma ana labarinta, ba tare da ya fara kiran babban wansa ya ce "Yaya, ga abin da nake tunani, me ka gani?" ba. In haka aka yi, Auta ya yi kuskure, ko da niyyarsa fara ce tas. Kalmar almubazzaranci da Yaya ya jefa, ina zargin rabinta haushin an tsallake shi ne.

Ɗaya rabin kuma gaskiya ce, kada a raina ta. Ba a kai uba kallon tafki a bar uwa tana tara roba a tsakar ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a nan kuwa har da ruwan. Kuɗin gyaran rufin ɗaki ɗaya bai kama ƙafar kuɗin tikitin mutum biyu ba. Ku biyar ne. Ki sa a kira kafinta ya yi lissafi, a raba, Auta ya ɗauki kaso mai tsoka, a gama kafin ruwa ya sauka. Da zarar an buga kwanon nan, hujjar Yaya mafi ƙarfi ta tafi, kuma ta tafi ta hanyar da aka nuna masa an ji maganarsa.

Batun Umra ba ni da bakin da zan rage mata daraja. Amma Baba ya sauke farali, ya kuma yi Umra. Faranta ran mahaifi da halal shi ma ibada ce, duk malamin da kika tambaya zai gaya miki. Kuma kuɗin na Auta ne, guminsa ne na tsayuwar dare a kan marasa lafiya. Ana iya ba shi shawara, ba a iya yi masa hukunci da aljihunsa. In aka tambayi Baba tsakani da Allah ya ce shi Makka yake so ya sake gani, shi ke nan magana ta ƙare, Auta ya juya akalar kuɗin can da zuciya ɗaya. Amma Baba ne zai zaɓa. Kada a zaɓa masa sannan a ce ai shi ya fi lada.

Ga abin da nake so ki yi da bakinki. Ki kira Auta ki ce ya bugo wa Yaya waya, murya da murya, ban da rubutu. Ya ba shi haƙuri a kan yadda maganar ta fito, ya ce ya ji batun rufi kuma ga nasa kason. Sannan ya roƙe shi abu ɗaya: in tafiyar ta tabbata, Yaya ne zai raka Baba. Shi ya san lokacin maganinsa, shi ya san fuskarsa in ya gaji yana ɓoyewa, shi zai iya taimaka masa a banɗaki da wajen alwala ba tare da kunya ba. Wataƙila ya ƙi saboda kasuwa ko aiki. Ko ya ƙi, an ba shi girmansa, kuma da wuya mutum ya ci gaba da yaƙar tafiyar da aka ce shi ne jagoranta.

Kafin a kashe ko sisi a kan biza, ku yi gwaji a gida. Ku ɗauki Baba wata Asabar da safe, ku fara biyawa ta tashar jirgin ƙasa ta Kano, ai daga Fagge ba nisa. Dogo ya iso garin nan a 1911, kuma shi ya mayar da gyaɗa dala a Kano. Ku bar shi ya tsaya ya nuna muku inda kaza yake a da. Daga nan ku ɗauki hanyar Zariya, ku wuce Kura da gonakin shinkafar Kadawa, ku biya ta Bagauda ku isa Tiga. Dam ɗin nan da aka gama a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ne iya ganinki, kuma in a ƙarshen damina ne ga kore ko'ina. Ku shimfiɗa darduma, ku ci abinci, ku sayi kifi, ku dawo kafin magariba. Ke kuma ki sa ido. Yaya gwiwar ta yi bayan awa ɗaya da rabi a mota? Ya ci abinci? Washegari ya tashi garau ko ya kwana biyu yana jinya? A tasha bakinsa ya buɗe da labari, ko shiru ya yi ya ce a tafi? Akwai tsofaffin da tuna baya yake ƙara musu kuzari, akwai waɗanda yake karya musu zuciya, kuma gara ku gane wane iri ne naku a nan kusa da gida. Ku gayyaci Yaya, shi ya tuƙa motar.

In gwajin ya nuna jiki ba zai ɗauka ba, kada Auta ya ji an kayar da shi. Ya je Haverthwaite da kansa ranar hutunsa, ya kira Baba ta bidiyo daga gefen kan jirgin, ya bar shi ya ji usur ɗin, ya yi ta gyara wa Turawa aiki daga kan tabarmarsa. Ku kuma ku sa jikokin su riƙa ɗaukar muryarsa a waya yana ba da labarin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, daga Kano zuwa Nguru, daga Kano zuwa Zariya. Waɗanda suka zuba wa jirgi kwal da hannunsu a ƙasar nan saura ƙalilan.

In kuma likita ya yarda, biza ta fito, Baba ya ce yana so, to Auta ya rubuta wa masu layin tun da wuri, ya gaya musu zai kawo tsohon direban jirgin kwal daga Najeriya, ya tambaya ko za a bar shi ya leƙa wurin direba in jirgi yana tsaye. A ba yankin kwana biyu ko uku, a kama masauki mai ɗaki a ƙasa, a hau jirgin sau biyu in ya nema, tunda gajere ne. In yana da tsohon hoto ko katin aiki a haɗa da shi. Hular kuma a sa ta a jakar hannu, kada a jefa ta cikin akwatin da za a auna.

Ki gaishe min da Umma, ki ce ina yi mata jajen yoyo.